Bikin da babu takura a harabar tsohuwar makaranta: ta ina mai hoto zai fara?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton biki, amma duk a ɗakunan taro na zamani nake aiki. Yanzu wasu ango da amarya sun ba ni aikin bikinsu, kuma a harabar wata tsohuwar makaranta za a yi shi, ginin ya haura shekara ɗari. Amaryar a nan ta yi karatu. Sun ce ba sa son a yi ta jera mutane ana cewa su kalli kyamara, so suke kowa ya sake, ni kuma in bi su ina ɗauka. Na leƙa wurin sau ɗaya, babban zauren akwai duhu, waje kuma rana ƙwal. Kyamara ɗaya gare ni mai kyau da wata tsohuwa, sai lensi uku da filashi ɗaya. Tsorona kada in dawo da hotunan da ba su nuna kyan wurin ba, ko kuma in takura wa mutane garin neman hoto. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a sana'a. Idan na fahimce ka, tsakanin abu biyu kake tsaye. Wurin yana da kyau da tarihi, kana jin nauyin ka nuna shi. Masu bikin kuma sun ce kada ka hana su sakewa. Kana ganin kamar idan ka bi ɗaya sai ka saki ɗaya, ga kuma duhun zaure da zafin rana sun ƙara maka damuwa.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, bikin da aka ce kowa ya sake ya fi bikin jere-jere wahala a wajen mai hoto. A bikin jere-jere kai ke da iko, ka ce a tsaya a tsaya, ka ce a sake a sake. A wannan kuwa abu sau ɗaya yake faruwa, babu mai maimaita maka dariya ko hawaye. Saboda haka duk tunanin da za ka yi a kan haske da saiti da inda za ka tsaya, dole ka gama shi kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sakewar da suke nema ba za ta samu ba idan kai kanka kana dube-dube da latse-latsen kyamara a gabansu, domin mutane suna karanta fuskar mai hoto fiye da yadda muke zato.

Ka koma wurin, a daidai lokacin da za a yi bikin

Leƙawar da ka yi sau ɗaya ba ta isa ba. Ka koma sati ɗaya ko biyu kafin ranar, kuma ka je a sa'o'in da aka tsara taron. Rana tana gusawa kimanin digiri 15 a kowace awa, don haka bangon da ke cikin inuwa da ƙarfe 11 na safe yana iya zama tanderu da ƙarfe 3 na yamma. Inda take fitowa da inda take faɗuwa ma yana sauyawa daga wannan yanayi na shekara zuwa wancan, shi ya sa ziyarar da aka yi wata huɗu baya takan yaudari mutum. Akwai manhajojin waya da ke nuna inda rana za ta kasance a kowane lokaci, suna taimakawa, amma ba za su gaya maka cewa wata babbar bishiya tana tare tagar zaure daga ƙarfe 4 ba. Gani ya kori ji.

Ka tafi da wani abokinka sanye da fararen kaya, ka tsayar da shi a wuraren da kake tsammanin ango da amarya za su tsaya, ka ɗauka, ka rubuta saitin da ya yi maka. Ka bi hanyar da baƙi za su bi tun daga ƙofar shiga har zaure, da ƙafa, kana lura da inda haske ke sauyawa.

Sannan ka nemi mai kula da ginin, ka gaishe shi da kyau, ka zauna da shi. A irin waɗannan wurare shi ne abokin aikinka na farko. Shi ya san wace ƙofa ake buɗewa, makullin wane ɗaki ke hannun wa, ina makunnin fitilun zaure yake, wane soket ne ke aiki. Ka tambaye shi dokokin wurin dalla-dalla. Tsofaffin gine-gine da yawa ba a yarda a manna komai a bango ko a kafa sandar fitila a kan daɓen katako ba tare da roba a ƙafarta ba, wasu ɗakunan kuma ba a shiga da filashi. Idan kana tunanin tayar da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, izinin makarantar daban, dokar ƙasar da kake ciki daban, ka tabbatar da su biyun. Ka tambaya kuma ko akwai ɗalibai a harabar ranar. Idan akwai, ba su cikin aikinka, kada ɗan wani ya fito a hotonka ba da sanin iyayensa ba. Haka allunan da ke ɗauke da sunaye da hotunan ɗaliban yanzu, ka kauce musu ko ka bar su su dushe a baya.

Tunda amaryar a nan ta yi karatu, kana da abin da ba kowane mai hoto ke samu ba. Ka roƙe ta ta faɗa maka wurare biyu ko uku da suka fi tsaya mata a rai. Sau da yawa ba gaban ginin da kowa ke yaba wa za ta ambata ba. Wata matakala ce da suke zama a kai lokacin tara, ko tagar ajinsu, ko gindin wata bishiya. Hoton da ka ɗauke ta a wurin ba sai ka ce ta yi murmushi ba.

Duhun zaure

Bari in daɗe a nan, domin a nan aka fi faɗuwa. Makarantun da aka gina kafin wutar lantarki ta wadata da hasken rana suka dogara, shi ya sa za ka ga tagoginsu dogaye, wasu an ɗaga su sama. A azuzuwa da yawa an jera tagogin a gefen hagu na masu zama, don kada hannun dama ya yi wa rubutu inuwa. Abin da aka yi domin ɗalibi ya ga allonsa shi ne zai amfane ka. Haske ne mai laushi da ke zuwa daga gefe guda, yana fitar da siffar fuska ba tare da ya daki ido ba. Zauren da ka kira mai duhu, idan ka duba da kyau za ka ga ba ko'ina ne duhu ba. Akwai tafkunan haske a kusa da kowace taga, tsakaninsu kuma duhu. Aikinka ka san inda suke, ka tsaya ta yadda tagar za ta kasance a gefenka ko ɗan bayanka, ka jira mutane su shigo ciki. Idan kana da bakin magana a kan inda za a ajiye kujerun ango da amarya, ka nemi a matsar da su kusa da taga, fuskarsu tana karkata zuwa gare ta. Matsar da kujera taku biyu kafin baƙi su zo ya fi awa guda ta gyara a kwamfuta.

Filashinka fa? A ɗakunan zamani da ka saba, kana harba shi sama, farin silin ya dawo maka da hasken a hankali. A tsohon zaure dabarar takan ƙi aiki saboda dalili biyu. Rufin yana da nisa, shi kuwa haske idan nisa ya ninka biyu kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa, ga zuwa ga dawowa. Na biyu, idan rufin ko bangon katako ne mai duhu, yawancin hasken zai shanye, ɗan abin da ya dawo kuma launin katakon zai ɗauko, fuskoki su koma ja-ja. Idan ka harba shi kai tsaye a fuska, mutum zai fito fayau, bayansa kuma baƙi ƙirin, ka kashe zauren da aka zo dominsa, ka kuma sanar da kowa cewa ga mai hoto nan. Ni da rana ba na kunna filashi a irin wannan wuri sai dole ta sa. Idan ta sa, nakan nemi farin bango a gefe ko a bayana in jefa hasken can, da ƙarfi kaɗan, don ya cike inuwa kawai.

Abin da ya rage maka shi ne buɗe lensi da ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske. Idan cikin lensinka uku akwai mai buɗewa zuwa f/1.8 ko f/2 (ƙaramar lamba na nufin lensi ya buɗe sosai), shi ne na zaure. Kada saurin ƙiftawar kyamara, wato shota, ya sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa idan mutane na motsi, 1/125 kuma idan suna zaune. Daga nan ka bar ISO ya hau inda ya ga dama, 3200 ko 6400. Na san masu fara sana'a suna tsoron wannan lamba saboda ɗige-ɗigen da ke fitowa a hoto. Amma ɗige-ɗige ana rage su wajen gyara, kuma a takarda da wuya ido ya kama su. Fuskar da motsi ya shafe kuwa babu abin da zai dawo da ita. Ka gwada kyamararka tun ranar ziyara ka san iyakar da za ka iya jurewa, domin tsohuwar ba za ta kai sabuwar ba. Ita tsohuwar ka bar ta ga aikin waje inda haske ya wadata.

Akwai kuma rikicin launi. Hasken rana da tsaka yana kusan 5500 a ma'aunin Kelvin da ake auna launin haske da shi, ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa yana tsakanin 2700 da 3200, dogayen fitilun nan na aji kuma sukan zuba kore-kore. Idan duk suka haɗu a fuska ɗaya, gefe guda shuɗi gefe guda ruwan lemo, babu saitin da zai gyara su gaba ɗaya. Mafita mafi sauƙi ita ce ka roƙi a kashe fitilun sama muddin akwai rana. Da farko zai yi kamar an ƙara duhu, amma hasken da ya rage iri ɗaya ne, kuma ya fi kyau. Idan ba a yarda ba, ka zaɓi hasken da ya fi rinjaye a fuska ka daidaita da shi. Ko ta yaya, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin shi ne zai ba ka damar sauya launin daga baya ba tare da hoton ya lalace ba.

Wani abu da ya taɓa cina, kuma ina so ka kiyaye shi. A wani zauren makaranta na sa kyamara a shota marar ƙara don kada in dame mutane lokacin jawabi. Niyyar mai kyau ce. Sai da na koma gida na buɗe hotunan a babban allo na ga layuka masu duhu sun ratsa kusan duk waɗanda na ɗauka a ƙarƙashin fitilun. Dalili shi ne fitilu da yawa, musamman dogayen nan da wasu na LED, ba tsaye haskensu yake ba, yana ƙyaftawa ne da saurin da ido ba ya kamawa: sau 100 a daƙiƙa inda wutar lantarki ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, sau 120 inda take kan 60. Shota marar ƙara layi-layi yake karanta hoton daga sama zuwa ƙasa, sai ya kwashi ƙyaftawar. Maganinsa ka koma shota na inji, ko ka sauko zuwa 1/100 a wurin wuta mai 50, 1/125 ko 1/60 a wurin mai 60, ko ka kunna saitin hana ƙyaftawa idan kyamararka tana da shi. Na ceto wasu daga cikin hotunan nan ta hanyar mayar da su baƙi da fari, amma jawabin mahaifin amarya bai fito yadda ya cancanta ba, kuma har yau abin yana damuna. Ka gwada wannan a zauren tun kafin ranar, ka zuƙo hoton a bayan kyamara ka duba bango.

Bakin ƙofa

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne lokacin da ango da amarya za su fito daga zaure zuwa fili. Tazarar haske tsakanin ciki da waje takan kai ninki dubu. A rana tsantsa f/16 da 1/100 da ISO 100 sun isa, a ciki kuwa kana kan f/2 da 1/200 da ISO 3200. Idan ka biyo su waje da saitin ciki, farin takarda za ka samu. Kuma a daidai wannan lokacin ne ake guɗa da tafi da rungume-rungume. Yawancin kyamarori suna ba ka damar ajiye saiti biyu ko uku a kan maɓallin juyawa. Ka ajiye ɗaya na ciki, ɗaya na waje, ka saba da juyawa ba tare da ka duba ba. Tunda kyamara biyu gare ka, abin ya fi sauƙi: ɗaya a saite don ciki, ɗaya don waje. Ni nakan riga su fita, in tsaya a waje ina fuskantar ƙofar. Duhun da ke bayansu sai ya zama kamar labule, su kuma su fito cikin haske da ƙofar tsohon ginin ta kewaye su.

Ka kula da fararen kaya, musamman idan mai sanye da su yana da duhun fata. Kyamara tana ganin farin sai ta rage haske, fuska ta nutse. Idan ka ƙara domin fuska, farin ya ƙone, aikin da ke jikin yadin ya ɓace. Ka kunna alamar da ke walƙiya inda fari ya ƙone, ka ɗaga haske har gab da ta fara, ka tsaya. Sauran ka ɗago shi daga RAW. Mafi alheri dai shi ne inuwa mai laushi, inda tazarar ba ta da yawa tun asali.

A fili, rana tsaka maƙiyiyar fuska ce, takan zuba inuwa a kwarmin ido ta sa mutane su runtse. Mutane da kansu za su gudu gindin bishiya, amma ka lura da inuwar da ganye ke tacewa, mai barin tabo-tabon haske a goshi da kumatu. A ido ba ta da laifi, a hoto kamar ciwon fata take fitowa. Ciyawa kuma tana jefo kore a ƙarƙashin haɓa. Mafi kyan haske a yawancin tsofaffin makarantu yana bakin baranda, taku ɗaya cikin inuwa, mutum yana fuskantar fili. Rufin ya tare na sama, na gaba kuma yana shigowa a shimfiɗe. Idan babu inuwa ko kaɗan, ka zagaya har rana ta koma bayansu, ka auna haske a fuska.

Gini shaida ne

Ka ce kana tsoron kada kyan wurin ya ƙi fitowa. Ni abin da na fi ji maka tsoro akasin haka ne. Wanda ya fara aiki a wuri mai kyau yakan shagala da gini, ya dawo da albam cike da bango da hasumiya, mutane ƙanana kamar tururuwa a gindinsu. Bayan shekara ashirin ginin yana nan, kowa na iya zuwa ya ɗauke shi. Kakar amarya da ta riƙe hannunta a kan matakala mai yiwuwa ba ta nan. Don haka ka isa da wuri, awa ɗaya kafin baƙi, ka ɗauki ginin shi kaɗai ka ƙoshi: gabansa, zauren da kujeru a jere, ƙararrawa, matakalar dutse da ƙafafu suka goge tsakiyarta har ta lotsa. Hotuna goma zuwa sha biyar sun isa. Daga nan ka bar shi ya riƙa leƙowa ta bayan mutane. Rabin taga, ƙofa mai baka, jan bulo da ya dushe a bayan fuska, duk suna faɗin inda ake ba tare da sun ƙwace hoton ba.

Idan za ka haɗa mutane da dogon gini, kada ka matso kusa ka ɗaga bakin kyamara sama, domin bangaye za su tsuke kamar ginin zai kife baya. Ka ja da baya sosai, ka yi amfani da lensi mai ɗan tsawo, ka riƙe kyamara a miƙe, ka bar fili a gefuna don miƙewa wajen gyara. Lensi mai faɗi kuma yana jan duk wanda ke gefen hoto ya buɗa shi, kada ka ajiye mutum a can. Sannan tsohuwar makaranta da ake amfani da ita tana cike da kayan yau, tukunyar kashe gobara, kwandon shara, wayoyi a bango, motoci a fili. Kafin ka danna ka zagaya gefunan hoton da ido. Taku ɗaya zuwa hagu yakan ɓoye su. Kayan kashe gobara dai kada ka taɓa su, ka ɓoye su da jikin mutum ko ka sauya kusurwa.

Yadda za ka shiga cikin mutane

Ba ka faɗi irin lensinka ba, amma idan akwai mai milimita 35 da mai 85 ko abin da ya yi kusa da su, ɗaura ɗaya a kowace kyamara ka manta da na ukun a jaka. Na 35 zai sa ka cikin taro, hoton ya ji kamar mai kallo yana wurin. Na 85 zai ciro maka fuska ɗaya daga nesa kaɗan. Wasu suna ganin hoton sakewa shi ne laɓewa daga nesa da dogon lensi. A aikina akasin haka na gani. Wanda ke laɓe shi ake lura da shi. Ka yi shiga irin ta baƙi, ka gaisa da manya tun da farko, ka bari a gan ka a saba da kai. Cikin rabin awa za ka zama kamar ɗaya daga cikin dangi, a daina gyara tsayuwa idan ka matso.

Kada ka yi ta bin mutane a guje. Ka fara samun haske mai kyau, ka duba bayan ya yi tsabta, ka tsaya ka jira abin da zai faru a ciki. Kuma ka riƙa juyawa. Lokacin da kowa ke kallon ango da amarya, rabin labarin yana fuskokin masu kallo. Idan yara suna guje-guje a fili, durƙusa ka daidaita da tsawonsu. Idan ka ga wani ya kau da kai ko ya sa hannu a fuska, sauke kyamara ka ba shi wuri. Wanda ba ya so a ɗauke shi yana da haƙƙin hakan ko a bikin wa ne.

Hoton da na fi so a cikin duk waɗanda na ɗauka a irin wannan wuri ba ni na tsara shi ba. Amaryar ta ja angonta zuwa wani aji da aka buɗe mana, ta bi tebura tana shafawa har ta tsaya a na uku daga taga. Ta ɗaga murfin, a cikinsa akwai haruffa biyu da aka kankare da bakin ƙarfe, sun yi baƙi saboda daɗewa. Ta ɗora yatsa a kai ba ta ce komai ba, shi kuma ya sunkuyo yana kallon yatsan. Hasken tagar ya sauka a hannunta da gefen fuskarsa, ƙura tana yawo a cikinsa. Ina bakin ƙofa, na danna sau uku, ban yi magana ba. Abin da na yi kawai shi ne na tambaye ta tun sati biyu baya, na kuma tabbatar makullin ajin yana aljihun mai kula da ginin.

Hoton dangi, ko da sun ce ba sa so

A nan zan ɗan saɓa wa masu bikinka. Sun ce ba sa son jere-jere, kuma da gaske suke. Amma iyaye suna so, su ma kansu bayan shekaru shi za su nema. Hoton sakewa ba ya ba da tabbacin kowa zai fito, wannan ita ce iyakarsa, kuma ya kamata ka gaya musu tun yanzu. Ka zauna da su ku rubuta rukuni shida zuwa takwas, kada ya wuce haka. Kowane rukuni yakan ci kimanin minti uku idan mutane suna kusa, ka ga cikin minti ashirin da ɗoriya an gama. Ka nemi mutum ɗaya daga kowane ɓangare wanda ya san dangi kuma ana jin maganarsa, shi zai riƙa kira. Ka fara da tsofaffi don su koma su zauna. Matakalar gaban makaranta kamar don wannan aka yi ta, sahu yana hawa kan sahu, muddin tana cikin inuwa a lokacin. Ka rufe lensi zuwa f/5.6 ko f/8 don na gaba da na baya su fito, ka danna sau biyar ko shida a jere saboda masu ƙifta ido.

Ango da amarya su kaɗai kuma, ka roƙi minti goma zuwa sha biyar a awar ƙarshe kafin faɗuwar rana. Kada ka ce musu su yi kaza. Ka ce su bi baranda a hankali, ita ta ba shi labarin wurin, kai kana gaba kana ja da baya.

Ban ga makarantarka ba, don haka lambobin da na ba ka wurin farawa ne, abin da ka auna da kanka a zauren shi ne gaskiya. Ban kuma taɓo bidiyo ba, ba fannina ba ne. Ka tanadi baranda ko wani aji da za a koma idan hadari ya taso, ka sanar da masu bikin tun kafin ranar. Ka daidaita agogon kyamarorin biyu daƙiƙa da daƙiƙa don hotuna su jeru daidai wajen gyara. Idan sabuwar tana ɗaukar katin memori biyu, sa ta rubuta a duka biyun lokaci guda. Batir ka riƙe ninkin abin da kake zato, domin soket a tsohon gini ba abin dogaro ba ne. Daren ranar kuma kada ka kwanta sai hotunan suna wuri biyu ban da katin.

Saura hoto ɗaya da ba na so ya wuce ka. Bayan rana ta faɗi akwai ɗan lokaci, minti goma sha biyar zuwa talatin gwargwadon inda kake a duniya, da sama ke komawa shuɗi mai duhu amma ba ta yi baƙi ba. Fitilun da ka roƙi a kashe da rana, yanzu ka roƙi a kunna su duka, har na azuzuwan da ke fuskantar fili. Ka fita nesa, ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku ko a kan katanga, ka rage shota zuwa 1/30 ko ƙasa. Tagogin za su yi ja kamar garwashi, mutane suna kai da kawo a cikinsu, ginin kuma ya fito sarai a jikin sama. Ka faɗa wa mai kula da ginin wannan tun ranar ziyara, ku tsayar da lokacin, ka kuma karɓi lambar wayarsa.